Ba laifin kwamfuta ba ne, ganganci ne

Ka zaga Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, ka karanta katunan biki da fastocin 'yan siyasa da sanarwar rabon taki. Duk an aske wa haruffanmu ƙugiya. Mai walima yana maraba da "baki" maimakon baƙi, ɗan takara yana alkawarin gyara "kasa". Ka tambayi mai shagon buga takardu, sai ya ce wai kwamfuta ce ba ta da su. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma ta ishe ni.

Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945 ya yi shekaru yana buga ɓ da ɗ da ƙ da haruffan dalma. Su da ba su taɓa ganin kwamfuta ba sun iya, sai mu?

Da kwamfuta ta shigo, masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun ƙirƙiro salon haruffa na musamman, kamar Rabi'at, don toshe giɓin. Sun kyauta a zamaninsu. Sai dai dabarar wancan lokaci ado ce a fuska kawai: kana ganin ƙ, na'ura kuwa q ta ajiye. Shi ya sa takardar da ta koma wata kwamfuta take rikiɗewa zuwa "qasa" da "xaya" da "vangare". Yau yaranmu sun ɗauka haka ake rubuta Hausa, har a WhatsApp.

To ai an daɗe da wuce nan. Tsarin Unicode ya ba kowane harafinmu, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar, lambarsa ta dindindin. Abin da ya rage shi ne ka gaya wa madanni abin da zai fitar. Manhajar Keyman kyauta ce. Da ita, ko da Microsoft Keyboard Layout Creator, za ka tsara cewa in ka danne maɓallin AltGr tare da k, ƙ ce za ta fito, kuma ƙ ɗin za ta zauna ko'ina aka kai takardar. Windows ma yana da tsarin madannan Hausa a saitin harshe. A waya kuwa, ka ƙara Hausa a Gboard, shi ke nan.

Bafaranshe ba ya yarda a cire masa alamar kan harafi, Bajamushe ma haka. Mu kaɗai muke biyan kuɗi a gurgunta mana harshe, mu ce mun gode.

Malaman makaranta, ku daina karɓar takardar jarrabawar Hausa marar ƙugiya, don ba a koya wa yaro daidai a allo a ba shi kuskure a takarda. Iyayen biki da 'yan kasuwa, ku karanta aiki kafin ku sa hannu a aljihu. In babu ƙugiya, babu biya. Ranar da mai shago ya sake buga kati da kuɗinsa, ranar zai gano inda madannin yake.