Mu Tattauna: Mai Raɗa A Wurin 'Yan Wala-wala

A wannan wata za mu taɓo maganar 'yan wala-wala, wato masu karta ukun nan da Faransawa ke kira bonneteau, waɗanda kan kafa kwali a bakin tasha ko gefen kasuwa. Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne wani tsohon ɗalibinmu, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa a lissafi, wanda ya bar Briqueterie da sefa 30,000, kuɗin ɗinkin Sallar ƙannensa, ya dawo daga wajen kasuwar Mokolo hannu rabbana. Da muka zaunar da shi, ba abin da yake nanatawa sai: "Malam, wallahi na gane asirin abin."

To, wa ya koya masa asirin? Ya ce wani dattijo ne mai carbi, wanda ya ji shi yana Hausa, ya matso ya raɗa masa cewa mai kartar yana da rauni, wai kullum jar kartar a hannun dama yake riƙe ta, kuma ita yake fara yarwa. Can da mai kartar ya juya yana tsawata wa wani, sai dattijon ya yi wuf ya lanƙwasa gefen jar, ya ƙifta masa ido. Sau biyu dattijon ya zuba kuɗi, sau biyu ya ci.

Mai karatu, dattijon nan nasu ne, kuɗin da ya ci ma nasu ne. Ga yadda abin yake. Mai wasan yakan riƙe karta biyu a hannu ɗaya, ja a ƙasa, baƙa a sama. In ya ga dama ya yar da ta ƙasa, in ya ga dama ya saki ta sama, ido kuwa ba ya iya rarrabewa. Lanƙwasar nan ma ya san da ita sarai. Da yatsa yake miƙe ta, ya lanƙwasa baƙa a madadinta, duk a cikin jujjuyawar.

Abin da ya fi ba mu haushi, mu da muka koya wa yaron nan lissafi, shi ne wanda ya runtse ido ya nuna karta da ka, sai ya dace sau 1 cikin 3. Amma wanda aka yi wa bayani ba ya dacewa ko sau ɗaya, domin an riga an kai idonsa inda ake so. Ga shi kuma mai shakka ɗari biyar yake ajiyewa, wanda ya tabbata ya gano asiri kuwa sai ya zazzage aljihu. Kada mu manta, a ransa shi ne ke shirin cutar mai kartar, shi ya sa da aka cinye shi kunya ta hana shi ɗaga murya.

Ko da mutum ya dace ma ba a biyansa. Wani cikinsu zai aza kuɗin da ya fi naka a kan wata karta, ko a yi ihun ga 'yan sanda, kwali ya kife, kowa ya watse.

Hukuncin caca yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 90, malamanmu sun fi mu saninsa. Mu dai mun raka yaron wurin mahaifinsa, aka yi faɗan da za a yi. Bayan kwana uku ya sake bi ta wajen, ya hango dattijon mai carbi da mai kartar a teburin mai shayi, suna cin biredi ɗaya.