Sharhi: Dokar ɓata suna ta kare mai ƙaramin ƙarfi, ba mai mulki kaɗai ba

Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. A Kona da ke ƙaramar hukumar Jalingo, inda kowa ya san gidan kowa, saƙon murya guda a WhatsApp da ke zargin mai sayar da abinci da ƙazanta, ko mai shago da tauye mudu, ya isa ya watsa cinikin da aka yi shekaru ana ginawa. Tambayar ita ce: wa dokar ɓata suna take karewa a yau?

A rubuce, dokar ba ta bar kowa a baya ba. Sashe na 391 da na 392 na kundin Penal Code da jihohin Arewa suka gada sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya ɓata sunan wani. Haka kuma wanda aka zalunta yana da damar shigar da ƙarar neman diyya.

Amma a aikace, masu iko ne suka fi morar ta. A Nuwamba 2022, wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala ashirin-ashirin da tara, bisa ɓata sunan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. A watan ne kuma aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda rubutun da ya yi a Twitter kan Aisha Buhari, kafin a janye ƙarar bayan jama'a sun yi ca. Mai tuwon Kona kuwa ba ta da jami'an tsaron da za ta aika, ba ta da kuɗin lauya, ba ta da shekarun da shari'a ke cinyewa.

Wasu sun riga sun sauya hanya. Ghana ta soke hukunta ɓata suna a matsayin laifi tun 2001. A 2014, Kotun Afirka ta Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta yanke cewa ɗaure ɗan jarida Lohé Issa Konaté da Burkina Faso ta yi ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Nijeriya ma ta rage kaifin sashe na 24 na dokar laifukan intanet a 2024, bayan Kotun ECOWAS ta soke shi da kakkausar murya.

Lokaci ya yi da Majalisar Dokokin Taraba za ta cire ɗauri daga hukuncin ɓata suna, ta mai da shi shari'ar neman diyya mai sauri da araha. Ya kamata kotu ta iya tilasta wa mai ƙage ya janye maganarsa a dandalin da ya yaɗa ta, domin abin da ɗan kasuwa ke buƙata shi ne masu saye su dawo, ba wani ya kwana a gidan yari ba. 'Yan sanda kuma su daina zama 'yan aiken duk wani babba da suka ta yi wa zafi.

Jama'a ma da nasu nauyin. Magana zarar bunu ce, kuma wanda ya tura ƙarya bai fi wanda ya ƙirƙire ta tsarki ba. A tabbatar kafin a tura.