Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Haɗa Bidiyo Na Kachalla Sembe

'Yan'uwa abokan sana'a,

Maganata kan kwamfutocin da muke haɗa bidiyon biki da suna da walima ne a nan Jalingo. Yawancinsu na gwanjo ne, HP ko Dell ko Lenovo da suka sha aiki kafin su iso hannunmu. Da hoto ya fara tsinkewa, ko allo ya yi kore, ko manhaja ta rufe ana tsaka da fitar da aiki, sai a ce bairos ne, a goge komai a sake zuba Windows. Sau da yawa wahalar banza ce.

A cikin kwamfuta akwai sashen da ke kula da hoto. Premiere Pro da CapCut da Chrome suna miƙa masa nauyin bidiyo don babban injin ya sarara, direba kuma shi ne tafintan da ke tsakaninsu. In ya tsufa ko bai dace ba, daga nan rikici yake tasowa. Ku fara kashe saitin miƙa aiki ga sashen hoto. In koren ya ɓace, kun kama mai laifi. Sai dai kada ku bar shi a kashe, domin aiki zai yi nauyi, fanka ta yi ta kuka, a zafin Maris kuwa kwamfutar na iya ɗaukewa. Ku sauke direba daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, daidai da lambarta, ku rabu da tarkacen da ake yawo da su a filash. In sabon ne ya ɓata lamari, Windows na ba da damar komawa tsohon.

Akwai kuma iyakar da direba ba ya tsallakewa. Sashen hoto na Intel HD 3000 na 2011 ne, kuma Intel bai fitar masa da direban Windows 10 ba. Tun 2017 iPhone ke ɗaukar bidiyo da tsarin HEVC, alhali injinan Intel da suka girmi zubi na 6, na 2015, ba su da cikakken ikon warware shi. Maganin shi ne a juya bidiyon zuwa tsarin H.264 da manhajar HandBrake kafin a fara yanka.

Don haka kafin ku yi wa dangin amarya alkawarin rana, ku tambayi wayar da aka yi ɗaukar da ita, ku kuma san zubin injinku. Allah ya sa albarka a sana'a.

Wassalam.