MBA ko jari: Lissafin da ya kamata matasan Illela su fara yi

A Illela da ke kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, matashi mai digiri ko babbar difloma da ya tara 'yan kuɗaɗe yakan rasa inda zai zuba su: kasuwa, ko digiri na biyu a fannin kasuwanci, wato MBA. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato tana bayar da wannan digiri, haka ma Makarantar Kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero, Kano. Abin dubawa shi ne ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Kuɗin makaranta kaɗan ne daga cikin abin da za a kashe. Akwai kuɗin mota zuwa Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 80, ga masauki, ga littattafai. Mai HND kuwa galibi sai ya fara yin PGD kafin a ɗauke shi, wato ƙarin shekara guda. Duk nairar da ta tafi can, an cire ta ne daga jarin da zai iya juyawa a cinikin dabbobi, albasa ko wake a kasuwar Lahadi.

Sannan abin da ya fi karya 'yan kasuwar wannan gari a shekarun nan ba rashin takarda ba ne. An rufe iyakokin tudu a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris 2024. A daidai lokacin naira ta faɗi warwas, alhali sefa na ɗaure da yuro, sai kayan Birnin Konni suka yi tsadar gaske. A irin wannan yanayi, ɗan kasuwa ya fi buƙatar ajiyar kuɗi, rubutaccen lissafi, sanin takardun kwastam da ɗan Faransanci. Duk ana iya koyon waɗannan a gajerun kwasa-kwasai masu sauƙin kuɗi.

Amma MBA na da inda yake biyan kuɗinsa. Ma'aikacin banki ko na kamfani, wanda takardar za ta buɗe masa ƙofar muƙamin manaja, yana da hujjar yin sa. Haka shi ma ɗan gidan da kasuwancinsu ya bunƙasa har suna neman rancen banki ko kwangilar kai kaya masana'antu. Wanda kuwa burinsa koyarwa a jami'a ne, ya sani cewa jami'o'i da dama na kallon MBA a matsayin digirin sana'a, ba sa karɓarsa kai-tsaye don digirin digirgir.

Mafi haɗari shi ne matashin da ya rasa aiki ya fake da karatu, a sayar da bijimin gida ko gona a biya masa, ya dawo bayan shekara biyu babu aiki, babu jari.

Don haka kafin a sayi fom, iyaye da ɗalibi su zauna su rubuta jimillar kuɗin, wanda zai biya, da shekarun da za a ɗauka kafin su dawo. Jami'o'i su ma ya kamata su riƙa bayyana inda tsofaffin ɗalibansu suke aiki. Idan lissafin bai fita ba, a fara da kasuwa, makaranta tana nan ba inda za ta.