Nyiragongo: Me ya sa na'urori ba su yi gargaɗi da wuri ba?

Da yammacin ranar 22 ga watan Mayun 2021, mazauna birnin Goma da ke gabashin Jamhuriyar Dimokraɗiyyar Kongo suka ga sararin samaniya ya yi jawur. Dutsen Nyiragongo ne ya tsage ta gefe, narkakken dutsen da ya taru kamar tafki a ƙoƙon kansa ya malalo. Mutane sama da 30 suka rasu.

Nan take aka ɗora laifin a kan cibiyar sa ido kan duwatsu masu aman wuta ta Goma, wadda tallafin Bankin Duniya ya yanke mata a 2020. Ƙarancin kuɗin gaskiya ne, to amma matsalar ta wuce nan.

Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2022 ya nuna cewa na'urorin auna motsin ƙasa suna aiki a ranar, kuma tsakanin alamar farko da suka ɗauka da fara aman wutar bai kai minti 40 ba.

A yawancin irin waɗannan duwatsu, sai narkakken dutse ya fasa wa kansa hanya daga can ƙarƙashin ƙasa, kuma wannan fasawar ce ke haddasa ƙananan girgizar ƙasa kwanaki ko makonni kafin ya fito. A Nyiragongo kuwa bakin a buɗe yake. Tafkin yana tafasa dare da rana, yana aika wata karkarwa marar yankewa wadda na'urorin suka saba ɗauka kullum. Wutar ta riga ta hau sama. Bangon dutsen kawai ya rage ya tsage.

Girgizar da ake jira sai bayan aman ta zo. An yi kwanaki ana jin ɗaruruwanta, yayin da narkakken dutse ke kutsawa ta ƙarƙashin Goma zuwa tafkin Kivu, wanda ke ƙunshe da iskar gas mai yawa a ƙasan ruwansa. Ranar 27 ga watan hukumomi suka ba da umurnin kwashe wasu unguwanni, mutane kimanin 400,000 suka tsere, amma wutar ba ta sake ɓullowa ba.

Wannan ya bar mahukunta cikin tsaka mai wuya, domin minti 40 ba ya isa a kwashe birni. Abin da ya rage shi ne hanyoyin tserewa da jama'a suka sani tun kafin ranar, kuma shirya su na bukatar zaman lafiya. A watan Janairun 2025 'yan tawayen M23 suka ƙwace Goma.