An Raba Saniya da Gona, Sai Mu Ci Siminti

Tun da Shugaba Tinubu ya ƙirƙiro ma'aikatar kiwo a watan Yulin 2024, duk ɗan bokon da ke shan shayi a PZ ya zama gwanin shanu. Bakinsu ɗaya: a killace dabbobi, manomi ya huta. Madalla. Ita ƙasar noman fa, wa ya tambaye ta?

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da an kwashe dawa a gonarsa ta bayan Samaru, da ƙafarsa yake zuwa ruga da goro da dami biyu, ya roƙi Bafulatani ya sauka. Shanu su ci kara da karmami, su kwana, su bar kashi da fitsari. Da damina a zuba masara a wurin, baɗi wake ko gyaɗa, harawar ta koma bakin dabba. Ƙuduji bai taɓa samun gindin zama a gonar nan ba.

Ni da na waye, bara na sayi buhun takin zamani a wani shago a Sabon Gari, da kuɗin da a da zai sayi tunkiya. Na kwance, na damƙa, yashi ya cika mini hannu. Masarar ta yi rawaya tun ba ta kai gwiwa ba. Masu kwangilar taki kuwa kullum sabuwar mota. Su ne za su fi kowa tafi ranar da kashin shanu ya ƙare a bayan waya.

Za a ce an yi yawa, ana zubar da jini. Mun ji. Saniya ce ta nome burtali? Ita ta yanka makiyayar da dokar 1965 ta keɓe, ta raba wa manya?

Wannan cutar ta raba saniya da gona ma tsohuwa ce. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, tun 1928 ake na dabbobi a Shika, hanya ɗaya, yanzu jami'a ɗaya. A 1976 aka ware Shika ta zama cibiyar NAPRI, masu shuka nan, masu kiwo can, kowa da shugabansa. Yanzu Abuja ta kwaikwaya, minista biyu.

Manomin ƙauyen Bomo dai gonarsa ɗaya ce, kuma ta gaji. A tambayi ministocin wanne zai kawo mata taki.