KIMIYYA A SAUƘAƘE: Sallama Iri Biyu A Cikin Kwamfuta

Wanda duk ya taɓa ganin gilashin wayar hannu ya ƙi jin yatsa, alhali kuwa agogon da ke samansa yana ta tafiya, to ya ga alamar wata matsala da masu rubuta manhajar kwamfuta suka daɗe suna fama da ita. Ba kullum ne gilashin ke lalacewa ba. Wani lokaci ƙaramar na'urar da ke ƙarƙashinsa ta ji yatsan sarai, ta kuma yi kira, amma ba a amsa ba, domin an shirya kunnen da zai saurare ta bisa wata hanya dabam da wadda take kira.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, watau firosesa, kamar maigida ne a turakarsa yana cikin aiki. Da zai riƙa fita zaure kowane minti ya duba ko an yi baƙo, da bai ƙare kome ba, kuma a waya wannan zirga-zirga ita ce za ta shanye batir tun kafin azahar. Saboda haka aka shirya cewa kowace na'ura, ko allon rubutu ne, ko gilashin taɓawa, ko katin sadarwa, tana da wata siririyar waya wadda take yin sallama da ita. Da an yi sallama, sai firosesa ya ajiye abin da yake yi, ya kira ɗan yankin manhaja mai kula da wannan na'ura, wanda ake ce wa direba, ya biya mata bukata, sa'an nan ya koma inda ya tsaya. Wannan shi ne kiran katse hanzari. Mai tsara wa direbobi wannan hidima kuwa ita ce ƙwayar manhajar tafiyar da kwamfuta, irin ta Linux wadda Linus Torvalds ya soma a Helsinki cikin 1991, wadda kuma kowace wayar Android ke ɗauke da ita a yau.

To, amma waya ba ta da baki. Abu biyu kaɗai ta sani: ko wuta tana sama, misali bolt 3.3 ko 1.8, ko tana ƙasa a sifiri. Daga nan sallama ta rabu gida biyu. Akwai kiran sauyi, inda ake lura da lokacin da wutar ta tashi daga ƙasa zuwa sama, ko ta faɗo daga sama zuwa ƙasa. Wannan shi ne baƙon da ya ƙwanƙwasa ƙofa sau ɗaya ya yi shiru. Akwai kuma kiran dagewa, inda ba a damu da lokacin sauyi ba, sai dai muddin wutar tana sama, ko muddin tana ƙasa, ana ɗauka cewa kira na nan. Wannan shi ne baƙon da ya danne ƙararrawa da yatsa, ba zai ɗaga ba sai an fito. Tashi, faɗuwa, sama, ƙasa: huɗun nan su ne abin da ake zaɓa a ciki sa'ad da direba ya nemi a ba shi layin kira, kuma a Linux kowannensu yana da suna, kamar IRQF_TRIGGER_FALLING na faɗuwa da IRQF_TRIGGER_LOW na dagewa a ƙasa.

Kalmar zaɓi ma tana ruɗi a nan, gama ba a tambayi mai rubuta direba abin da ya fi so ba. Na'urar tana da halin da aka ƙera ta da shi, aikinsa kawai ya faɗi gaskiyar wannan hali.

Ga yadda abin ke ɓaci. A ce na'urar gilashi irin mai dagewa ce: in an taɓa, sai ta ja wayarta ƙasa ta riƙe, ba za ta saki ba sai an karanta duk labarin da ta tara. Sai aka yi kuskure aka gaya wa ƙwaya cewa ta saurari faɗuwa. Da fari babu wanda zai ga aibu. Yatsa ya taɓa, wuta ta faɗi, an ji, an karanta, wuta ta koma sama. Haka za a yi sau dubu, mai gwaji ya gamsu ya sa hannu. Rannan sai taɓawa ta biyu ta zo daidai lokacin da direba ke tsakiyar karanta ta farko. Ya karanta abin da ya tarar ya tafi abinsa, ita kuwa na'ura, da yake akwai sabon labari a hannunta, ba ta saki wayar ba. Wuta ba ta tashi ba, balle ta sake faɗuwa. Na'ura na jiran a zo a karanta, ƙwaya na jiran faɗuwar da ba za ta zo ba, kowa na jiran kowa har a kashe waya a sake kunnawa. Mugun halin wannan cuta shi ne ba ta zuwa sa'ad da ake nemanta, don tazarar da take shiga ta ciki ba ta kai ƙiftawar ido ba. Haka nan kuma in na'ura ta riga ta ja wayar ƙasa tun kafin direba ya zauna a mazauninsa wajen kunna kwamfuta, faɗuwar ta wuce ke nan, ba kuwa za a ji ta ba.

Kiran dagewa ba ya ɓacewa haka, amma shi ma da tasa fitinar. In direba ya amsa bai sallami baƙon ba, watau bai gaya wa na'ura cewa an ji ba, ko kuma aka juya sama da ƙasa har zaman hutun wayar ya zama kamar kira, to da firosesa ya juya baya sai ƙararrawa ta sake tashi. Ya dawo, ta sake. Sai ya zama ba shi da aikin yi sai zarya, kwamfuta ta sandare. Linux ta yi wa wannan tanadi: tana ƙirga kira 100,000 a kan layi, in fiye da 99,900 daga ciki babu direban da ya ce nasa ne, sai ta toshe layin, ta rubuta a kundinta cewa babu wanda ya kula, ta koma leƙa shi da kanta sau 10 cikin daƙiƙa. Na'ura ba ta mutu ba, amma tafiyar hawainiya za ta riƙa yi.

Waɗanda suka yi aiki da kwamfuta a shekarun 1990 sun ɗanɗana wani ɓangare na wannan labari ba tare da sun san sunansa ba. Kwamfutar IBM ta 1981 tana da ɗan guntu ɗaya na kamfanin Intel, mai lamba 8259A, wanda ke karɓar layi 8, aka kuma shirya shi a kan kiran sauyi. Cikin 1984 aka ƙara na biyu aka jona da na farko, layukan amfani suka zama 15. Duk da haka ba su isa ba, kuma kiran sauyi ba ya son tarayya: in wata na'ura ta riga ta ɗaga waya, ta biyu ba ta da abin ɗagawa. Shi ya sa linzami a mashigar COM1 da modem a COM3 suke rikici, domin dukansu layi na 4 suke hawa, mai gyara kuwa sai ya buɗe akwati ya yi ta canja 'yan maɓallan da ke jikin kati. Tsarin PCI na 1992 ya koma kiran dagewa a ƙasa, inda na'urori da yawa kan rataya a waya ɗaya, ƙwaya ta bi direbobinsu ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko naka ne, kuma muddin da sauran wanda ba a biya wa bukata ba, wayar na nan a ƙasa. Sharaɗi dai shi ne duk masu tarayya su yarda da iri ɗaya. Wanda ya zo da wani iri dabam, Linux ba ta ba shi layin.

Akwai wani ƙulli kuma da ya shafi na'urorin waya. Yawancinsu ana magana da su ne ta wata hanya mai nawa da ake kira I2C, kuma direba ba shi da izinin tsayawa jira a cikin amsar gaggawa. Tun daga 2009 Linux ta ba da damar a miƙa aikin ga wani ma'aikaci da zai yi shi a natse, amma in kiran na dagewa ne, dole a sa alamar IRQF_ONESHOT don a toshe layin har ya gama. In ba haka ba ƙararrawar ba za ta bar shi ya ko soma ba.

A ina ya kamata a rubuta irin kiran? Masu gaggawa kan kafe shi a cikin direba, wannan kuwa ɗabi'a ce da ta cancanci a yi tir da ita. Guntu ɗaya yakan shiga allo iri hamsin na kamfanoni dabam-dabam, wani allon kuma an sa masa abin da ke juya wuta a hanya, sama ta zama ƙasa. Mai karɓar kira na firosesocin ARM, wanda ake ce wa GIC, tashi da dagewa a sama kaɗai yake karɓa a layukan na'urori, har kamfanin MediaTek, wanda guntayensa ke cikin wayoyin Tecno da Infinix masu yawa a kasuwannin ƙasar nan, ya sa wani mai juya wuta a gabansa. Direba ba zai san duk wannan ba. Wanda ya ƙera allo shi ya sani, shi ne kuma ke rubuta shi a takardar bayanin na'urori, watau ACPI a kwamfutocin tebur, ko bishiyar na'urori wadda ta bazu a ARM daga wajen 2011. A cikin bishiyar lamba ce kawai: 1 tashi, 2 faɗuwa, 4 sama, 8 ƙasa. In direba ya yi shiru bai faɗi iri ba, ƙwaya takan ɗauki abin da takardar ta ce.

Mai neman gano cuta yakan fara da buɗe /proc/interrupts, inda Linux ke nuna kowane layi da yawan kiran da ya shigo ta kansa. In ana taɓa gilashi lissafin ya tsaya cik, a auna wayar. In an same ta a ƙasa tana jira, faɗuwa ce ta ɓace, sau da yawa kuma maganin bai wuce a mai da 2 ta zama 8 ba. In kuwa babu mai taɓa kome amma lissafin na gudu da dubbai cikin daƙiƙa, sai a koma takardar maƙerin guntun a duba ko an juya sama da ƙasa, ko kuma akwai rajistar da ya kamata direba ya karanta bai karanta ba.